Takalman da Na Ɗinka wa Guduma

Ƙofar ƙarfe ce ta faɗo wa Guduma a gadon baya, wata Talata da hantsi. Yayana ne ya jingine ta da bango bayan ya gama mata walda, bai tokare ta da komai ba, ya juya neman gwangwanin fenti. Ni ina shagona, bango ɗaya ne ya raba mu, ina manna dunduniyar wani takalmin mata, sai na ji faɗuwar ƙarfe, na kuma ji wani irin kuka da ban taɓa jin kare ya yi ba. Ko da na fito, Yaya ya riga ya ɗage ƙofar shi kaɗai, ƙofar da sai mutum biyu suke iya motsa ta. Guduma kuwa yana jan ciki da ƙafafun gaba, na bayan suna biye da shi kamar ba nasa ba.

Guduma karen Yaya ne, shekara shida yana gadin layin shagunanmu. Ƙaton kansa ne ya jawo masa sunan. Ni da shi ba ma shiri, domin yana ɗan kwikwiyo ya taɓa tauna takalmin wani lauya da aka kawo mini gyara, na sha zagin da har yau ban gama haɗiye shi ba. Tun daga ranar, in ya gan ni sai ya kau da kai, ni ma in kau da nawa.

A kan wani faffaɗan katako muka ɗora shi, muka sa a bayan motar Yaya, sai asibitin dabbobi. Likitar mace ce, gajeruwa, ba ta da yawan magana. Ta ɗauki hoton bayan, ta ɗaga shi a fitila, ta ce ƙashin bai rabu ba, amma lakar da ke cikin ƙashin ta bugu ta kumbura. Sai ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kama da filaya, ta matse yatsan ƙafarsa ta baya da ƙarfi. Ƙafar ba ta motsa ba, amma Guduma ya waiwayo ya yi gurnani.

"Madalla," in ji ta. "Yana jin zafi. Tunda yana ji, akwai hanya."

"Zai tashi ke nan, Likita?" Yaya ya tambaya.

"Ban ce ba. Mako huɗu a keji, ba motsi. Bayan nan a fara koya masa tsayuwa. In mun kai mako takwas bai fara dasa ƙafa da kansa ba, sai mu zauna mu yi wata magana."

Ba ta faɗi maganar ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kowa ya san allura ake nufi, irin wadda ba a farkawa.

Kafin la'asar Yaya ya haɗa keji, ya zuba masa ƙarfe kamar zaki za a saka a ciki. Amma ba a yi awa guda ba aka ga ba zai zauna a shagon walda ba, don duk sanda injin yankan ƙarfe ya yi ƙara sai karen ya zabura, likita kuwa ta ce zabura ce babbar abokiyar gaba. Gidan Yaya a hawa na uku yake, ba a maganarsa. Sai Yaya ya leƙo shagona, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Auta, shagonka ba hayaniya."

Na haura arba'in, ina da furfura a gemu, amma a bakin Yaya har gobe ni Auta ne. Na ce masa shagon takalmi ne, ba asibiti ba. Na ce masu kawo mini aiki za su gudu. Ina cikin faɗa shi kuwa yana ta matsar da bencina gefe, kafin in kai aya keji ya zauna tsakanin keken ɗinki da tarin fata.

Jinyar kare mai shanyayyen baya aiki ne na agogo. Duk awa uku a juya shi, kada gefe ɗaya ya yi gyambo. Fitsari ba ya fita da kansa, sai an matse masa sau uku a yini: ka sa tafin hannu biyu a ƙasan cikin, ka lalubo mafitsarar, ka danna a hankali kamar mai matsa balan-balan cike da ruwa. Ranar farko rabin abin a wandona ya ƙare. Safe da yamma a riƙe kowace ƙafa a lanƙwasa a miƙe, kamar yana tuƙa keke, sau ashirin-ashirin. Yaya ne ya kamata ya yi duk wannan, amma hannunsa na walda ne, bai iya lallaɓa karen ba. Ya yi sau biyu, na ture shi na ce ya je ya ji da ƙarafansa. Shi ya ɗauki na asuba da na bayan rufe shago, iyakar juyi da ba da abinci, sauran ya dawo kaina.

Matar Yaya ta riƙa aiko da tsofaffin zannuwan gado, tana wankewa tana mita, amma ba ta taɓa fashi ba. Masu kawo gyara kuwa wasu daga bakin ƙofa suke miƙo takalmi, hannu ɗaya a hanci. Mai askin da ke kallon shagona ya raɗa mini suna Nas. Na ce masa nas ɗin da ta san aikinta ta fi wanzamin da ke yanke wa mutane kunne.

Ban san ranar da na fara jin tausayinsa ba. Abin da na sani, a mako na biyu ya soma tura hancinsa ta tsakanin ƙarafan kejin ya ɗora a kan ƙafata ina ɗinki. Na janye sau ɗaya, na janye sau biyu, daga baya na gaji na bar shi. Har na kama kaina ina ba shi labarin masu takalman da ba su da godiya, yana lumshe ido kamar ya san su.

Da mako huɗu ya cika muka koma. Likita ta sake matse yatsun, ya waiwayo da sauri fiye da da. Ta ce an ci gaba. Ta nuna mana yadda za a zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa a riƙe bakin biyu a sama, a ɗauke masa rabin nauyi, shi ya yi tafiya da na gaba, na bayan su riƙa taɓa ƙasa. Minti biyar, sau uku a yini.

Washegari na fito da shi barandar shagunan. Murna a wajensa ba a magana, ya ja ni har gaban mai gyaran waya. Sai dai ƙafafun bayan ba sa sauka a kan tafinsu, kifewa suke, bayan yatsun yana gurzar siminti. Kwana biyu kawai fatar ta saluɓe. Na waiwaya na ga ɗigon jini a jere tun daga ƙofata.

To, ni shekara ashirin da biyar ina wannan sana'a. In na ga ƙafa tana jini a kan siminti, abu ɗaya ne yake zuwa mini a rai. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara ba. Na ɗora ƙafar a kan takarda na zana, na auna faɗi da tsawo. Na zaɓi fata mai laushi, na yi mata shafi da soso ninki biyu. Ƙasan kuwa na yanko shi daga tsohuwar tayar babur, na zagaye shi har kan yatsun, na sa gam, na bi da ɗinki biyu, na yi wa takalmin wuya dogo mai igiya har zuwa gwiwa. Yini guda na kashe, na ajiye aikin mutum huɗu. Ko takalmin angon da na ɗinka bara bai samu wannan kulawar ba.

Layin gaba ɗaya ya zo kallo. Mai aski ya ɗaga ƙafarsa ya dubi silifas ɗinsa, ya ce, "Wallahi kare ya fi ni sutura." Mai gyaran waya ya ɗauki hoto. Yaya ma, da ya yi wata guda bai yi dariya ba, sai da haƙoransa suka fito. Jinin ya tsaya cak. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na fara tunanin ko in rataya ɗaya a ƙofar shago don talla.

Da yake igiyar tana da wuyar ɗaurawa, kuma in an cire sai ya kama lasar ciwon, sai na bar masa su a ƙafa. Da su yake tafiya, da su yake kwana. Sai ranar wanka nake cirewa, in goge, in mayar.

Mako na biyar ya wuce, na shida ya wuce, ba abin da ya ƙaru. Ina riƙe da tawul, shi yana ja da gaba, takalman suna biye suna ƙwas-ƙwas a ƙasa kamar an ɗaura wa mota gwangwani. Na ƙara minti, na ƙara lanƙwasa, shiru. Yaya ya daina leƙowa da rana. In ya zo juyin yamma ba ya kallon fuskar karen.

A ƙarshen mako na bakwai, da azahar, ya shigo ya zauna a bencin masu jiran gyara, ya cire tabaran waldarsa yana juya shi a hannu.

"Saura mako ɗaya, Auta."

"Na iya lissafi."

"Na yanke shawara. In ranar ta zo yana nan yadda yake, zan ce ta yi masa allurar."

Na ajiye basillar da ke hannuna. "Haka kawai? Yana ci, yana sha, ya san mutane."

"Kare ne mai gudu. Ka manta yadda yake bin babur har bakin titi? Yanzu ko fitsarinsa sai an matse masa. Ni na karya shi. Ba zan kuma zauna ina kallonsa yana lalacewa a kwance ba, don kawai in ji daɗin cewa ban kashe shi ba."

"Kai ke matse fitsarin ko ni?"

"Kai ne. Shi ya sa ma. Har yaushe?"

Na so in yi masa rashin kunya, amma idonsa ya yi ja, kuma karensa ne. Na ce ya tashi mini daga benci akwai masu zuwa.

Kwana biyu bayan nan na ji wani wari daban, ba na fitsari ba. Na bi shi da hanci har takalmin hagu. Da na kwance igiyar, tsakanin yatsun ya jiƙe ya yi fari, wani wajen ya fashe. Na mayar da takalmin don kada ƙura ta shiga, na kira Yaya, muka tafi asibiti ba ranarmu ba.

Likita ta dubi ƙafafun tun kafin mu sauke shi a tebur.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," na ce, har da gyara tsayuwa.

Ta kwance ɗaya, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa ƙasan a bakin tebur. "Aiki ya yi kyau. Tun yaushe yake sawa?"

"Mako uku ke nan."

"Lokacin tafiya kawai?"

"A'a, kullum. Ai ba ya cirewa."

Sai ta ce in zura yatsuna cikin takalmin in rufe ido. Na yi, ina jin kaina kamar ɗan makaranta. Ta kama hannuna ta danna shi a kan wani abu.

"Mene ne a ƙasa?"

"Tebur."

"Buɗe ido."

Tarin makullanta ne. Ko alama ban ji su ba.

"Malam, ba ƙarfi ƙafar nan ta rasa ba," in ji ta. "Mantawa ta yi da inda take. Tafin ƙafa shi ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta cikin laka, ya ce ga ƙasa, ga tsakuwa, ga sanyi, na kife, a gyara ni. Hanyar saƙon ce ta bugu, kuma ba ta buɗewa sai an yi ta bi. Kai kuma ka sa soso biyu da taya ka toshe bakin hanyar. Mako ukun da jijiya ta fi saurin farfaɗowa, bai ji ƙasa ba ko sau ɗaya."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Na ce jini yake yi. Ta ce da na zo da ta ce in kai shi kan ciyawa ko yashi, in kuma riƙa gyara masa ƙafar da hannu duk taku. Ta ƙara da cewa ita ma da laifinta, da ba ta ja mana kunne ba, don ba ta taɓa zaton wani zai yi wa kare takalmin shiga daji ba. Wannan bai rage mini komai ba. Kunya ta kama ni tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda rabona da ita tun ina yaron shago.

Muka kamo hanyar shago a mota har muka wuce shataletale. Guduma yana baya, ƙafa ba takalmi, an shafa masa magani.

"Yaya, mako ukun nan ni na cinye masa su."

"Ba da gangan ka yi ba."

"Kai ma ba da gangan ka jingine ƙofa ba. Ba wannan nake faɗa ba. Ka ce mako takwas, to biyar ya samu. Ka mayar masa da ukunsa."

Ya yi ta tuƙi. Sai da ya tsaya a gaban shago ya kashe mota ya ce, "Uku. Ranar da suka cika kada ka sake roƙona."

Na jefa takalman can saman kanta inda ba zan gan su ba. Bayan shagunanmu akwai wani ɗan fili da ciyawa ta fito saboda famfon da ke yoyo, nan ya zama wajen tafiyarmu. A cikin shago kuma na jera abubuwa a ƙasa: tabarmar goge ƙafa mai kaushi, tiren yashi, guntun katifa, buhu, fata ta ɓangaren gashi. Matar Yaya, da ta ji abin da ya faru, sai ta fara zuwa da hantsi tana riƙe tawul, ni kuma in durƙusa a baya in ɗaga kowace ƙafa in dasa ta a kan tafinta, taku bayan taku. Gwiwoyina suka yi kanta. In an gama, in ɗauko buroshin goge takalmi in bi tafin da tsakanin yatsun, minti goma kowace ƙafa, yadda likita ta ce.

Mai aski ya leƙo wata rana ya ce, "Nas, ina takalman alhajin?" Na ɗaga kai na dube shi kawai. Bai sake ba.

Mako guda, ba komai. Mako biyu, na ga kamar cinyar dama tana ɗan tauri in na tsayar da shi, amma na ƙi faɗa wa kowa, don na daina yarda da idona. A kwana na goma sha bakwai ina goga masa buroshi a ƙafar dama, sai ƙafar ta fizge ta harbi hannuna, buroshin ya faɗi. Na ɗauka na sake gogawa. Ta sake harbi. Na ƙwala wa Yaya kira har ya fito da abin walda a hannu, ya zaci gobara ce. Na gwada a gabansa, ƙafar ta yi lakwas kamar ba ita ba. Ya dube ni, ya koma shagonsa.

Ranar da mako ukun suka cika, likita ta tsayar da shi a ƙasa a kan tabarmar roba, hannunta ɗaya a ƙarƙashin cikinsa. Ta kama ƙafar dama ta kife ta a kan bayan yatsu, ta saki. Muka zuba ido. Na ƙirga a zuci har biyar. Sai ƙafar ta ɗan yi rawa, ta ɗago, ta juye, ta sauka a kan tafinta. Ta sake kifewa, ya sake gyarawa, wannan karon a uku. Ta koma ta hagu ta kife. Na ƙirga har talatin, tana nan yadda aka ajiye ta.

Ta zare hannunta daga cikinsa a hankali. Guduma ya yi tangaɗi, ya tsaya da ƙafa uku, yana haki, yana kallon Yaya.

"Ta dama ta dawo," in ji likita. "Zai yi tafiya, fitsarin ma ina sa ran zai kama. Ta hagu kuwa kada ku sa rai sosai. To, maigida, me ka ce?"

Yaya ya durƙusa, ya kama wannan ƙaton kan da hannu biyu, karo na farko tun ranar ƙofar. Sai ya ce, "Mu je gida." Ya ɗauke shi ya yi waje da sauri, don kada mu ga fuskarsa.

Ni na tsaya. Likita tana wanke hannu.

"Likita, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ta hagun nan, da ban sa masa takalmin ba, da ta dawo?"

Ta rufe famfo, ta goge hannu. "Ban sani ba. Bugun ya fi yawa a hagu tun farko. Mai yiwuwa da haka za ta kasance, mai yiwuwa a'a. Ba zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi ba." Ta rataye tawul ɗin. "Amma yanzu tana bukatar takalmi na gaske, tunda jan ta zai riƙa yi. Ka rufe bayan yatsun, inda ke gurzar ƙasa. Tafin ka bar shi a buɗe."

Haka na yi. Takalmi ne da ƙasansa yake sama, wajen tafin kuwa a buɗe, duk wanda ya san sana'a in ya gani sai ya yi dariya. Guduma yana zagaya layin da shi yanzu, taku uku da ja ɗaya, har haushin babur yana yi daga inda yake tsaye. Siminti yana cinye fatar takalmin duk wata, sai in yanka sabuwa. Awon yana nan a takarda, ba na bukatar sake shi, amma duk da haka sai na kira shi na ɗora ƙafar a cinyata. Kafin in ɗaura, nakan kife ta a ƙasa in saki, in ƙirga har talatin. Wata tara ke nan, ba ta juyo ba.